Jajayen Ɗigo a Gefen Kwalta

Ni ma'ajin bayanai ne a ofishin lafiya na gunduma. Aikina na yau da kullum shi ne lissafin allurar yara, rajistar masu awon ciki, da haɗa rahoton ƙarshen wata. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba a jima ba kuwa aka tashe mu daga teburanmu aka zuba mu cikin tawagar bin sawun masu cutar. Horon gaggawa aka yi mana, kowa da takunkuminsa, kujera nesa da kujera. Matakan ba su da wuyar haddacewa. Wanda ya ji alamun cutar ya kira lambar gaggawa. Mu je mu ɗebo samfur daga hancinsa, a kai ɗakin gwaji. In an same shi da ita ya killace kansa, mu kuma mu rubuta duk wanda ya yi cuɗanya da shi, mu riƙa bin lafiyarsu har kwana 14. In numfashi ya gagara, a kai shi inda ake da iskar oksijin. Kafin a tashi aiki a shigar da komai a kwamfuta.

Gundumar kuwa, in ka dube ta da idon ma'aikacin lafiya, kashi uku ce. Akwai unguwannin da ke da kwalta da katanga da lambar gida a jikin ƙofa. Akwai unguwannin cunkoso, inda masu aikin ƙarfi ke haya ɗaki-ɗaki, gida guda ya ɗauki iyalai da yawa a kan banɗaki ɗaya. Sai ƙauyuka, wasu a bakin titi, wasu sai ka ajiye mota ka hau babur, in ruwa ya sauka kuma babur ɗin ma ya tsaya. Takardar umarni ɗaya aka ba mu a kan duka ukun.

A ɗakin amsa waya aka fara ajiye ni. Ban daɗe ba na gane cewa kusan mutum iri ɗaya ne ke kiran mu. Ya san sunan ciwon da yake da shi tun da, ya san nawa zafin jikinsa ya kai don yana da ma'auni a gida, sau da yawa ma da "likitana ya ce in kira ku" yake fara magana. Ƙa'idar da muke aiki da ita a farkon lamarin, bayan zazzaɓi da tari, abu biyu take tambaya: ka yi tafiya zuwa ƙasar da cutar ta ɓulla? Ka yi hulɗa da wanda gwaji ya tabbatar yana da ita? Ƙa'idar tana da hujja, domin kayan gwaji kaɗan ne, dole a yi tsimi. Amma dubi wanda take zaɓa. Mai fasfo da tikitin jirgi ya cika sharaɗin farko. Abokansa da suka zauna tare sun cika na biyu. Direban da ya ɗauko shi daga filin jirgi, da mai yi masa wanki, da mai gadin da ya buɗe ƙofa, sai in ya tuna ya ambace su. Galibi ba ya tunawa, don a ransa ba ya lissafa su cikin mutanen da ya gana da su. Su kuwa da yamma unguwar cunkoso suke komawa su kwana.

Daga unguwar cunkoson kira ba ya zuwa. A ofis fassarar da aka yi wa wannan shirun ita ce jahilci. Sai da aka mayar da ni aikin fita na tambayi wani ɗan dako da ke tari a bakin tasha me ya hana shi kira, ga lambar a jikin kowane bango. Ya dube ni ya ce, "Malam, na iya karanta lambar. In na kira ku, kuka ce in zauna a ɗaki sati biyu, wa zai ciyar da yarana?" Lissafinsa daidai yake. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙiyasi tun 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, aikinsu ba na albashi da hutun rashin lafiya ba ne. Ga mai albashi, killace kai zama ne a gida da kwamfuta a cinya. Ga ɗan dako, yunwa ce ta sati biyu, ga tsangwamar maƙwabta da suka ga farar motarmu a ƙofarsa, ga mai gidan haya da zai iya cewa ya kwashe kayansa. Mu ba mu da abin ba shi sai takardar shawara.

In ma an kira, sai a nemo gidan. Fom ɗinmu yana da gurbin lambar gida da sunan titi, kuma kwamfuta ba ta karɓar sa in an bar gurbin babu komai. A unguwar kwalta minti kaɗan ne mun iso. A ɗaya ɓangaren kwatance ake yi: bayan famfon da ya lalace, ka bi lungu na biyu, ka tambayi gidan mai gyaran rediyo. Rabin yini na iya tafiya a neman mutum ɗaya, ka same shi kuma ya fita nema. Ita kuma tawaga da yawan samfurin da ta kawo a rana ake auna ta. Ba wanda ya taɓa ce mana mu fifita wata unguwa. Ba a ma buƙatar faɗa. Mota ɗaya, mai ƙayyadadde, jerin sunaye ya fi ƙarfin yini, sai ka ga direba da kansa yana tsara hanya ta inda za a fi samun adadi. Sunayen nesa kullum "gobe".

Samfurin kansa yana da rai, kuma ransa gajere ne. Tsinken audugar da aka zura a hanci ana jefa shi cikin ɗan bututu mai ruwa, a rufe, a sa a akwatin sanyi. Dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma isa ɗakin gwaji cikin kamar kwana uku, in ba haka ba sai an daskarar da shi a sanyin da firjin ƙaramin asibiti ba ya kaiwa. Ɗakin gwajin namu a babban birni yake. Wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin: a farkon Fabrairu 2020 ɗakunan gwaji biyu ne rak a duk nahiyar Afirka ke iya gano cutar, ɗaya a Senegal ɗaya a Afirka ta Kudu. Ƙasashe sun yi ƙoƙari sun buɗe nasu cikin watanni, amma a birane aka buɗe su, inda ke da wuta da ƙwararru. Samfurin unguwar kwalta yakan kwana a ɗakin gwaji ranar da aka ɗauke shi. Na ƙauye sai ya jira a tara wasu, ya jira mota, ƙanƙarar akwatin tana narkewa a hanya. Wasu sun dawo mana da tambarin cewa samfur ya lalace, a sake ɗaukowa. Wasu sakamakonsu ya fito bayan mai shi ya warke ya koma gona, ko bayan an binne shi. Sakamakon ma ta waya ake aikawa, lambar da ke fom ɗin kuwa sau da yawa ta wani maƙwabci ce, ko ta ɗa da ke aiki a wani gari.

Matakin da na fi jin nauyinsa shi ne karanta wa mutum shawarar killace kai. A rubuce take, mu karanta kawai: ka keɓe a ɗaki naka kai kaɗai, ka yi amfani da banɗaki daban, a ajiye maka abinci a bakin ƙofa, ka yawaita wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana. Na karanta ta ga wata dattijuwa da aka samu da cutar, tana zaune a bakin ɗakin da take kwana da 'yarta da jikokinta. Ta saurara har na kai ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wane ɗakin za ka ba ni?" Na ce, "Mama, ko da labule ne a raba." Ta nuna mini ɗakin da hannu. In aka rataya labule, wasu yaran a tsakar gida za su kwana, tare da yaran sauran masu haya. Ruwa kuwa saye suke yi a jarka, kuma wanda ya sayi ruwa ya san abin da ke gaba da wanke hannu sau goma a rana. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a 2020 mutum 3 cikin 10 a duniya ba su da wurin wanke hannu da sabulu da ruwa a gidajensu.

Da dare nakan karanta abin da ke faruwa a wasu wurare, har na daina ɗaukar abin a matsayin namu mu kaɗai. A Mumbai ta Indiya an gwada jinin mutane a watan Yuli 2020, aka ga kashi 57 cikin 100 na mazauna unguwannin cunkoso sun riga sun kamu, a sauran unguwannin yankunan da aka gwada kuwa kashi 16. A Singafo, ƙasar da ake yabo da tsari, sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka kamu a 2020 baƙin leburori ne da ke kwana a ɗakunan kwana na haɗaka. A Ingila hukumar ƙididdiga ta nuna cewa a watannin Maris da Afrilu 2020 mutuwar korona a yankunan da suka fi talauci ta ninka ta yankunan masu hali fiye da sau biyu. A Amurka, yankin ƙabilar Nabaho, inda kusan gida ɗaya cikin uku ba shi da ruwan famfo, ya zarce jihar New York a yawan masu kamuwa in aka auna da yawan jama'a, a watan Mayu 2020. Ƙasashe masu kuɗi da marasa shi, cutar ta san lungun da za ta bi.

Rubuta waɗanda aka yi cuɗanya da su ma haka. Babban ma'aikaci zai buɗe wayarsa ya jero maka sunaye da lambobi har da ranar da suka haɗu. Ka tambayi mai tura baro a kasuwa su wa ya kusanta cikin kwanakin da suka wuce, sai ya yi dariya. A fom ɗinsa mukan rubuta mutanen gidansa kawai, sai ya zamana a takarda shi ne mai ƙarancin hulɗa.

Da damina ta yi nisa, wata ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi a can ƙarshen gunduma ta kira ni a wayata ta kaina, don lambar gaggawa ba ta shiga daga wurinsu. Wani dattijo ne aka kawo mata, kwana da kwanaki yana zazzaɓi. Sai da muka gama jerin cikin gari muka kama hanya, muka isa da la'asar sakaliya. Mun tarar da shi a zaune yana hira. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, gajiya ce kawai." Nas ɗin tawagarmu ta maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar jini, ta dubi lambar, ta cire ta sa a ɗaya hannun, ta sake dubawa. Ƙasa da 90 alama ce ta ciwo mai tsanani a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, nasa kuwa ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Korona tana yin haka: iskar jini ta faɗi, mutum bai ji ƙuncin numfashi ba sai abu ya ƙure. Wanda ke da na'urar a gida yakan ga faɗuwar tun da wuri. A wannan asibitin ranar ce na'urar ta fara shiga, a aljihun nas ɗinmu, kuma da mu ta koma. (Daga baya, a watan Disamba 2020, masu bincike a Jami'ar Mishigan suka wallafa cewa irin wannan na'ura takan nuna lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata, har ta kan ɓoye ƙarancin iska ga baƙaƙe kusan sau uku fiye da yadda take yi ga farare. Ke nan ita ma na'urar da muke taƙama da ita ba da kowa aka gwada ta ba.)

A kusurwar ɗakin akwai injin tace iskar oksijin, kyautar wata ƙungiya, har lokacin a cikin ledarsa. Da wuta yake aiki, garin kuwa babu wuta, janaretan asibitin ya daɗe da mutuwa. Akwai tukunyar iska guda, babu komai a ciki, wurin cika ta kuma a babban birni yake. Muka fara buga waya. Cibiyar killacewa ta ce ba ta karɓar kowa sai da sakamakon gwaji a hannu. Babban asibiti ya ce mai matsalar numfashi ba ya shiga ɗakin kwanciya sai an tabbatar ba korona ba ce, don kare sauran majinyata. Kowannensu yana kan ƙa'idarsa, kuma in ka zauna da ƙa'idar ita kaɗai ba za ka ga laifinta ba. Motar ɗaukar marasa lafiya tana wani aikin, direbanta ma ya ce ba ya bin wannan hanyar da dare. Babban ɗan dattijon, wanda ya girme ni, ya tsaya a gabana ya ce, "Ranka ya daɗe, to ina za mu kai shi?" Na ce masa mun ɗauki samfur, za mu hanzarta. Nas ɗinmu ta nuna musu yadda za su kwantar da shi rub da ciki, wanda kan ɗan taimaka wa huhu.

A watan Yuni na shekarar, binciken da Jami'ar Oksfod ta jagoranta ya riga ya nuna cewa tsohon maganin nan deksametason yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Magani ne da ba ya wuyar samu. Amma ana ba da shi ne ga wanda likita ya duba, tare da iska da sa ido a kan sukarin jini, kuma babu likita a tsakanin wannan ƙauye da kwalta. A makon ne kuma na kai takarda wani gida a cikin gari, inda mai gidan ya yi gwajinsa a ɗakin gwaji mai zaman kansa ya samu sakamako washegari, ga tukunyar iska a gefen gado, ga likita na kiran sa safe da yamma. Ban ga laifinsa ba, duk mai hali haka zai yi wa kansa. Ya warke. Dattijon ƙauye ya rasu kafin samfurinsa ya shiga injin, da sakamakon ya zo kuma cewa aka yi samfurin ya lalace. A rajistata ba ya cikin waɗanda suka kamu, ba ya cikin waɗanda korona ta kashe. Da labarin Manaus ta Birazil ya fito a Janairu 2021, inda iska ta ƙare a asibitoci mutane suka mutu a kan gadaje, sannan na Indiya a Afrilu da Mayu, duniya ta girgiza, kuma ya kamata ta girgiza. Can iskar ta ƙare ne. Akwai wuraren da ba ta taɓa zuwa ba, su ba su shiga labarai ba.

Duk ranar taro ni ke liƙa taswirar gunduma a bango, kowane mai cuta jan ɗigo guda. Ɗigon sun taru cunkus a unguwannin kwalta, suka bi babban titi kamar an zana shi da jan biro, suka yi tsilli-tsilli a unguwar cunkoso, can ƙauyuka kuwa takarda fara fat. Da wannan taswira ake rabon kaya: takunkumi, safar hannu, kayan gwaji, man mota, har da ma'aikata. Inda ja ya fi yawa nan ake turawa. Wurin da aka tura kayan gwaji nan ake samun sababbin masu cuta, sai ja ya ƙaru, sai a ƙara turawa. Matakan nan da aka koya mana rariya ce mai hawa-hawa, kowane hawa yana tare wanda ba shi da waya, ko lambar gida, ko hanya, ko hutun aiki, abin da ya sauko ƙasa shi nake liƙawa a bango. Mai yiwuwa ne ƙwarai wasu ƙauyukan sun fi samun sauƙi da gaske, don yawancin mutanensu matasa ne kuma a fili suke yini. Amma farin da ke nufin lafiya da farin da ke nufin ba a je ba, a taswirata launi ɗaya ne.

Wani likita a yankin masu haƙar gawayi na Wales ta Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta tun 1971 cewa samun kyakkyawar kulawar lafiya yakan ragu daidai gwargwadon yadda buƙatar jama'a take ƙaruwa. Abin da zan ƙara daga teburina shi ne cewa ƙididdiga ma wannan hanyar take bi. A Oktoba 2021 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya ƙiyasta cewa cikin kowane mutum bakwai da suka kamu a nahiyar, shida ba a gano su ba. A Mayu 2022 hukumar ta ce mutanen da suka mutu sakamakon annobar a 2020 da 2021, kai tsaye ko ta dalilinta, sun kai kimanin miliyan 14.9, alhali abin da ƙasashe suka kai rahoto miliyan 5.4 ne. Giɓin ya fi faɗi a inda ba a rajistar mutuwa.

Abu biyu suka gyara mana aiki, kuma ba a cikin takardar umarni suke ba. Na farko matan da ke bin gida-gida suna allurar yara. Kowaccensu tana da taswirar da ta zana da hannu, da bishiya da rijiya da sunan mai gida, ta san wace tsohuwa ce ke da hawan jini, wane gida ne ba a shiga sai da sallamar wane. Da shugabar tawagarmu ta fara ɗaukar su a mota, neman gida ya daina cin rabin yini, mutane kuma suka daina ɓuya. Na biyu gwajin nan na nan-take, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da shi a Satumba 2020, mai ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30 ba tare da firji ko ɗakin gwaji ba. Bai kai na ɗakin gwaji kaifi ba, yakan kuskure wasu. Amma a ƙauye gwajin da ke kuskure wasu ya fi wanda ba ya dawowa. Mu dai sai can cikin shekara ta biyu ya iso hannunmu, a lokacin da wasu ƙasashen ke raba shi kyauta mutane na yi a gida. Da muka fara fita da shi ɗigo suka fara bayyana a farin taswirar, har wani babba ya tambaya a taro me ya kai cutar ƙauye yanzu.

Sai rigakafi. Ranar 8 ga Disamba 2020 aka yi wa Margaret Keenan, mai shekara 90, allurar Pfizer a Coventry ta Ingila. Ranar 18 ga Janairu 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya ce an riga an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe masu hali aƙalla 49, a wata ƙasa matalauciya kuwa guda 25 kacal. Shirin COVAX, wanda aka kafa don raba wa kowa, sai ranar 24 ga Fabrairu 2021 ya sauke kayansa na farko, allura 600,000 a Gana. A ofis mun yi ta Allah wadai da manyan ƙasashe. Da namu kason ya iso, abin da suka yi mana shi muka yi wa ƙauyuka. Rajista ta intanet aka fara buɗewa. Wuraren allura a manyan asibitoci aka sa su, a lokutan aiki. Allurar Pfizer da ke son sanyin kusan digiri 70 ƙasa da sifili ba a ma yi maganar fitar da ita daga birni ba. Ta AstraZeneca, wadda firji na yau da kullum ke riƙewa, ita muka ɗauka zuwa ƙauye.

Nan ma akwai ƙulli. Kwalba ɗaya ta mutum 10 ce, in aka huda ta kuma cikin awa 6 za a ƙarar ko a zubar. A birni layi ba ya yankewa, ba a ma tunanin wannan. A ƙauye mutum bakwai za su zo da safe. In nas ta buɗe, uku sun tafi a banza, kuma za a tuhume ta a kan asara. In ta ce a jira a cika goma, kafin azahar wasu sun tashi sun tafi gona, bakwai ta koma huɗu. Na ga an sallami tsofaffin da suka yi tafiyar ƙasa tun asuba, aka ce su dawo ranar da za a fi yawa. Waɗanda suka samu kuma mun rubuta musu a kati su dawo bayan mako 8 zuwa 12. Kafin lokacin ya yi Indiya, inda kamfanin Serum ke yin mafi yawan allurar COVAX, ta dakatar da fitarwa saboda annobar ta turnuƙe a gida, ba ta dawo da aika wa shirin ba sai Nuwamba 2021. Mutane suka zo ranar da muka rubuta musu, da katinsu a leda, firji babu komai. Wasu sun sake dawowa. Mafi yawa ba su sake ba, kuma ban ga wanda zai zarge su ba.

Ƙarshen shekarar kaya suka yi ta zuwa, kyauta daga ƙasashen da suka ƙoshi, da yawansu saura 'yan makonni su lalace. UNICEF ta ce a watan Disamba 2021 kaɗai ƙasashe matalauta sun ƙi karɓar allura sama da miliyan 100, galibi saboda wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Wanda muka karɓa dole a ƙarar da shi da gaggawa, wurin da ake ƙarar da abu da gaggawa kuwa shi ne inda mutane suke a tare kuma mota ke isa. Wasu a gari suka yi ta uku, alhali katunan can ƙarshen gunduma layi ɗaya ne a cike.

Fom ɗin rahoton wata yana da gurbin dalilin ƙarancin allura a kowace mazaɓa. Zaɓin da ke ciki su ne ƙin yarda, jita-jita, tsoron illa, da rashin samun mutum a gida. Jita-jita kam akwai ta, na ji ta da kunnena, a ƙauye da birni duka, har a bakin masu digiri. Amma babu gurbin "ya zo bai samu ba", babu na "an sallame shi don ba a cika goma ba". Na kai maganar gaban mai kula da mu. Ya ce, "Malam, fom ɗin daga sama yake zuwa, ka zaɓi wanda ya fi kusa." Na riƙa rubuta ainihin dalilin da biro a gefen takarda, sai dai kwamfuta gurbi kawai take karantawa. Rahoton ƙarshen shekara ya fito ya sa mazaɓun nesa a sahun masu ƙin rigakafi. A kan haka aka aiko mana da lasifika da fastoci na wayar da kai, buƙatarmu ta firji mai aiki da hasken rana da ƙarin man mota kuma aka ce ta jira kasafin baɗi.